Daga 'Yan Lemo zuwa takardar magani: sunayen 'ya'yan itatuwa da Turanci

 Ga waɗanda data ba ta ishe su sauraron murya ba, ga rubutun shirin wannan makon kamar yadda muka saba.

Yau maganar Turanci za mu yi, sunayen 'ya'yan itatuwa. Na san wani zai ce haba, da girmanmu? Ai wannan karatun 'yan nazare ne. Wallahi ni ma haka na ɗauka, har sai da wani abu ya faru a gidanmu.

Watannin baya likita ya rubuta wa gwaggona maganin rage kitse a jini, wanda ake kira simvastatin. Gwaggo ba ta yi boko ba, sai ta miƙa wa ƙanena takardar da ke cikin kwalin ya karanta mata. Yaron ya gama sakandare, Turancinsa ba laifi. Ya ga an rubuta a guji shan ruwan grapefruit, sai ya ce, "Gwaggo, sun ce kada ki sha inabi." Ta yi dariya ta ce, "Inabin da 'yar roba ɗaya ta fi kuɗin cefanena? Ai sun hutar da ni." Alhali kuwa kullum da safe sai ta matse wannan ƙaton lemon mai ɗaci-ɗaci ta sha, saboda wata maƙwabciya ta ce mata yana narkar da kitse. To shi ne fa grapefruit ɗin.

Sai da na je gaishe ta na tarar da ɓawon a faranti, na ɗauki takardar na karanta da kaina, gabana ya faɗi. Washegari muka koma asibiti, likita ya ce ta daina shan sa. Alhamdu lillahi ba abin da ya same ta.

Me ya sa aka hana? A cikin wannan lemo akwai wasu sinadarai da ke tsayar da aikin wani abu a hanjin mutum, wanda shi ke farfasa maganin ya rage masa ƙarfi kafin ya shiga jini. In aka tsayar da shi, sai maganin ya shiga jini fiye da yadda likita ya auna, kamar mutum ya ƙara ƙwaya a kan ƙa'ida. Masu bincike a Kanada ne suka gano haka a 1989, kuma ba da gangan ba. Suna gwajin wani maganin hawan jini ne mai suna felodipine, sai suka ga ya yi yawa a jinin waɗanda aka ba ruwan wannan lemo. Ba kowane magani ba ne yake da wannan matsala, shi ya sa ake rubutawa a takardar waɗanda abin ya shafa.

Ni ban ga laifin ƙanena ba. A makaranta an nuna masa hoton inabi an ce grape. Ya ga grape, ya ga fruit, ya haɗa biyu da biyu. Sannan ka je kasuwar 'Yan Lemo da ke Na'ibawa a Kano ka ce a ba ka "giref", sai ka yi bayani kafin a gane inabi kake nufi ko ƙaton lemon, don a Najeriya duka biyun da sunan ake kiran su. Saboda haka mu riƙe wannan tun yanzu: grape inabi ne, grapefruit kuwa ɗan gidan lemo ne, wanda wasu ke ce wa garehul. Ba abin da ya haɗa su sai kamannin suna.

Wannan shi ne abin da nake so mu ɗauka yau. Ba a koyon sunayen nan daga allon bango kawai. Daga tiren mai kayan marmari na bakin layinku za ka fara, ka ɗauki abin a hannu, sannan ka nemi sunansa. Bari mu kasa su kashi uku.

Kashi na farko: masu sauƙi

Waɗannan ba su da rigima. Mangwaro mango. Gwaba guava. Ayaba banana, babbar ta suya kuma plantain. Kankana watermelon. Abarba pineapple. Kwakwa coconut. Yazawa cashew. Dabino date. Tuffa, wadda muka fi kira aful, apple. Rumman pomegranate. Ɓaure fig. Zaitun olive. Tsamiya tamarind.

Abin da ya taimake ni riƙe su shi ne sanin cewa Turawan ma aro suka yi. Mango ta bi ta bakin Turawan Fotugal daga kudancin Indiya. Cashew ma ta hannunsu ta zo, daga wani harshen mutanen asali na Burazil. Tamarind kuwa Larabci ce, tamr hindi, wato dabinon Indiya. Mu ma inabi da tuffa da rumman da zaitun duk daga Larabci muka samo su. Kun ga kenan ba wani abin jin tsoro, kowa da maƙwabcin da ya ara a wurinsa.

Kashi na biyu: masu tarko

Nan ne aikin yake. Mu fara da lemo. Kalmar ta yi kama da lemon, amma lemon zaƙi orange ne. Ɗan ƙaramin lemon tsami kore da muke matsawa a zoɓo ko a shayi, sunansa lime. Lemon shi ne wanda ya fi shi girma, mai ruwan ɗorawa in ya nuna. Tanjarin kuma tangerine. In ka ga girki a intanet an ce lemon, ka sayo lemon zaƙi, to ka ɓata kayanka.

Sai pear. Abin da muke kira fiya, kore mai ƙaton ƙwallo a tsakiya, a Najeriya pear ake ce masa, amma sunan da duniya ta sani avocado ne. Ainihin pear kama take da tuffa, sai dai tana da siririn wuya, kuma shigo da ita ake yi. Ga kuma wata ta uku a kudancin ƙasar nan da ake ci da gasasshiyar masara, ita ce African pear. Abu uku, suna ɗaya.

Gwanda: mu pawpaw muka saba, kuma a Ingila za a gane. Amma a Amurka pawpaw wani ɗan itace ne daban da ke fitowa a dajinsu. Papaya ita ce kalmar da ba ta ruɗa kowa a ko'ina.

Melon: a kasuwarmu in aka ce melon, agushi ake nufi. A waje kuwa shammam da danginsa ake nufi.

Apple ma tana da nata. Pineapple ba tuffa ba ce, haka African star apple, wato agwaluma, haka wild custard apple, wato gwandar daji. A tsohon Turanci kusan kowane ɗan itace ana iya ce masa apple, shi ne sunan ya maƙale a jikin wasu har yau.

Date kuma dabino ce, kwanan wata ne kuma. In ka ga expiry date a jikin gwangwanin madara, ba dabino aka zuba a ciki ba.

'Yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka yi Faransanci, ga naku: raisin a Faransanci inabi ne, amma a Turanci busasshen inabi kaɗai ake kira raisin.

Kashi na uku: namu na gida

Wannan kashi shi ya fi ba ni haushi, don na gama jami'a ban san shi ba. Tun ina aji ɗaya na san strawberry, abin da ban taɓa sa wa a baki ba sai da na girma. Amma goruba da na ƙare haƙorana a kanta, ban san sunanta ba. To ga su.

Kuka baobab. Goruba doum palm fruit. Aduwa desert date. Magarya jujube. Kurna Christ's thorn jujube. Kanya jackalberry. Ɗinya black plum. Giginya African fan palm. Ɗorawa African locust bean. Kaɗanya shea. Tsamiyar biri velvet tamarind. Aya ba 'yar itace ba ce, a ƙasa take yi, amma tunda a tire ɗaya ake sayar da su, sunanta tiger nut.

Wani zai ce to me zan yi da su? Kuɗi ne a ciki, ɗan uwa. A 2008 Tarayyar Turai ta amince a riƙa sayar da garin 'ya'yan kuka a matsayin abinci a ƙasashenta. Wannan da muke kira kwalba da nono, shi ake zubawa a leda mai kyau a rubuta baobab powder. Man kaɗanya kuwa duba bayan robar man shafawa da dama, za ka ga shea butter. Matasanmu nawa ne ke sayar da tsamiya da aya da dabino a WhatsApp da Instagram? Wanda bai san sunan hajarsa da harshen mai saye ba, dole ya nemi ɗan tsakiya, kuma ɗan tsakiya ba kyauta yake aiki ba.

A nan ma akwai tarko. Mu in muka ce garin kuka, na ganye muke nufi, na miya. Mai saye daga waje in ya ce baobab powder, yawanci na 'ya'yan yake nufi, farin nan mai tsami. Saboda haka ka rubuta a fili: baobab leaf powder na miya, baobab fruit powder na sha. Kalma ɗaya ce tsakaninka da a dawo maka da kaya.

Sannan wasu sunayen ba su da tsayayyen mai su. Black plum da muke ce wa ɗinya, a wasu ƙasashe wani abu ne daban. In harka ta kai ga ciniki ko rubutun makaranta, ka haɗa da sunan kimiyya, wanda shi ɗaya ne a duk duniya. Ɗinya Vitex doniana, aduwa Balanites aegyptiaca, kanya Diospyros mespiliformis. Ba sai ka haddace ba, ka dai ajiye su a waya.

Kalmomin da ke raka sunan

Sanin suna kaɗai bai isa ba. Mu Hausawa shan mangwaro muke yi, mu sha kankana, mu sha lemo. Bature ci yake yi. Kada ka ce drink mango, ka ce eat a mango. Drink sai in an matse ruwan, ya zama juice.

Nunanne ripe. Ɗanye unripe, ba raw ba, don raw na ɗanyen nama ne da abin da ba a dafa ba. Ruɓaɓɓe rotten. Mai zaƙi sweet, mai tsami sour, mai ɗaci bitter. Ɓawo peel, ɓarewa ma peel. 'Ya'yan cikin kankana ko gwaba seeds, ƙwallon dabino kuwa stone a Ingila, pit a Amurka. Nonon ayaba a bunch of bananas. Sunan da ya fara da sautin wasali yana ɗaukar an: an apple, an orange, an avocado. Sauran kuma a: a mango, a guava.

Sai maganar p da f, wadda ake yi mana dariya a kai. Ba jahilci ba ne, harshenmu ne bai raba su ba. Maganinta sauƙi: a p leɓɓa biyu ke haɗuwa su rufe sannan su buɗe, a f kuwa haƙoran sama ke taɓa leɓen ƙasa. Ka tsaya gaban madubi ka ce papaya, ka ce fig, ka ce pineapple, ka ce fruit. Kwana kaɗan bakinka zai saba.

Aikin gida

Kada ka ce za ka haddace duka yau, da sannu-sannu ƙwana nesa. Ka ɗauki biyar a rana. In ka tsaya wurin mai kayan marmari, kafin ka taya, ka faɗi sunan kowanne a zuciyarka. Wanda ya kakare maka, ka ɗauki hotonsa ka bincika in ka koma gida. Kuma in ka nemi suna a intanet, ka duba hoton, kada ka tsaya ga kalmar kawai. Da ƙanena ya duba hoto ɗaya, da ya gane lemon da ke farantin Gwaggo.

Abu na ƙarshe. A gidaje da yawa mu ne masu karanta wa iyaye takardar asibiti da kwalin magani. Amana ce aka ɗora mana. In ka ci karo da kalmar da ba ka tabbata ba, kada kunya ta sa ka yi shaci-faɗi. Ka ce "Baba, bari in tambaya," ka koma wurin likita ko mai ba da magani. Matambayi ba ya ɓata.

Ƙanen nawa yanzu shi ke yi mini jarrabawa. Jiya ya tare ni da taura a hannu ya ce, "Yaya, wannan fa?" Na yi shiru. To na bar muku ita, ku nemo, sai mu buɗe shirin mako mai zuwa da amsar in Allah ya kai mu.