Suna Ɗaya Tilo: Yadda Ake Ambaton Malamai a Tarihin Tattalin Arzikin Mutanen Dā

A rubutun ilimi na Turanci, da sunan dangi kaɗai ake kiran malami, ba Farfesa ba Dakta. Wanda ya buɗe littafi kan tattalin arzikin tsohuwar Girka da Rum zai yi ta cin karo da Finley, Rostovtzeff da Polanyi, haka nan gatsau. Ga wanda ya tashi a gidan da ba a kama sunan babba, abin ya yi kama da raini. A wurin masu wannan rubutu kuwa, alama ce ta cewa mutum ya shahara har ba ya bukatar gabatarwa. Ƙa'idar ita ce a rubuta cikakken suna a ambato na farko, daga nan a ci gaba da na dangi.

Sunan yana aiki uku. Idan aka ce Finley, ana iya nufin mutumin, wato Moses Finley, wanda aka haifa a New York a 1912, aka sallame shi daga Jami'ar Rutgers a 1952 lokacin farautar 'yan gurguzu a Amurka, ya koma Cambridge a Ingila, ya rasu a 1986. Idan aka haɗa sunan da shekara, aka rubuta Finley 1973, to littafinsa The Ancient Economy ake nufi. Na ukun shi ne ra'ayi: cewa Girkawa da Rumawa sun fifita matsayi da mallakar ƙasa a kan neman riba, kuma biranensu masu ci ne daga gumin manoma, don haka ba a auna su da ma'aunin kasuwar zamani.

Gardamar da ake yi kan tattalin arzikin mutanen dā ita kanta da sunaye aka san ta. A 1893 Bajamushe Karl Bücher ya ce tattalin arzikin mutanen dā bai wuce na cikin gida ba. A 1895 Eduard Meyer ya mayar masa da martani, ya ce akwai ciniki da sana'a masu kama da na Turai ta baya-bayan nan. Har yau ana kiran wannan saɓani da gardamar Bücher da Meyer. Michael Rostovtzeff ya bi sahun Meyer a babban littafinsa na 1926 kan daular Rum, Finley kuma ya ɗauki ɓangaren da ya fi kusa da Bücher, tare da tasirin Max Weber da Karl Polanyi.

Daga nan Turanci kan liƙa wa suna ɗafa-ƙeya ya zama siffa: Finleyan, Polanyian, Weberian. Ɗalibin fiƙihu ba zai ga baƙon abu ba, domin haka Malikiyya ta samo suna daga Imam Malik. Sai dai siffar tana da hatsari. Takan dunƙule tunanin shekara arba'in ya koma kalma ɗaya, har a jingina wa malami abin da almajiransa ko abokan hamayyarsa suka ce. Marubuci mai hattara yakan faɗi littafi da shafi, maimakon ya fake da siffa.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne takwarorin suna. Karl Polanyi, mai The Great Transformation na 1944, yana da ƙane Michael, masanin kimiyya da falsafa. Keith Hopkins ya yi suna da maƙalarsa ta 1980 kan haraji da ciniki a daular Rum, A. G. Hopkins kuwa shi ne mai An Economic History of West Africa, wanda ya fito a 1973, shekara ɗaya da littafin Finley. A irin wannan hali dole a sa harafin farko na sunan yanka. Rostovtzeff kuma Barashe ne, wasu na rubuta Rostovtsev, amma an fi bin rubutun da ke bangon littattafansa na Turanci. Finley ya sami sarautar Sir a 1979. Ingilishi ya yarda a ce Sir Moses, bai yarda da Sir Finley ba.

Tsarin ya ginu ne a kan sunan da zuriya ke gada, abin da yawancin Hausawa ba su saba da shi ba. Mahdi Adamu, mai The Hausa Factor in West African History na 1978, Adamu ake kiransa a rubutun Turanci, Yusufu Bala Usman kuma Usman. Tunda irin waɗannan sunaye sun yawaita, ɗalibin da ke ambaton su ya fi bukatar haɗawa da harafin farko da shekarar bugu fiye da mai ambaton Rostovtzeff.