Tarukan Ma'abota Ƙididdiga da Buƙatar Kalmomin Hausa

Ƙididdiga ita ce ilmin tattara adadi a auna shi don a fid da ma'ana. Yau da kwamfuta ake yin ta, kuma cikin harsunan da ake ba kwamfuta umurni da su, wanda ake kira R ya yi fice. Malamai biyu, Ross Ihaka da Robert Gentleman, suka ƙago shi a Jami'ar Auckland.

Masu aiki da shi sukan taru. Babban taronsu, useR!, an fara shi a Ostiriya cikin 2004. Akwai kuma ƙanana a birane, inda mai matsala yakan kawo ta a warware tare. A irin wannan zama ne kalmar sana'a take kama bakin mutane. An kafa Hukumar Hausa a 1955, amma hukuma ba ta iya raya kalmar da ma'aikata ba su furta ta.

Dubi kudancin Kano. Zurfin ruwan Tiga a Bebeji, da farashin shinkafa a Tudun Wada, da amfanin masara a Doguwa, da yawan 'yan makaranta a Kiru, duk abin ƙididdigewa ne, masu rubuta su kuwa da Hausa suke magana. To, ga misali: a tara farashin buhu biyar a raba biyar, mukan ce matsakaici. A jera su a ɗauki na tsakiya, shi ma matsakaici muke cewa, alhali kuwa buhu ɗaya mai tsada yana karkatar da na farko, na biyu bai kula ba.

Saboda haka lalle malaman Hausa su riƙa halartar waɗannan taruka, a bambanta irin waɗannan kalmomi tun ba su cakuɗe ba.