Kazar Da Ke Biyan Ɓawon Ƙwai Da Ƙashinta

Da yawa daga cikinmu akwai akurki a bayan ɗakin Inna, kuma mu ne ake aika mu zuba wa kaji dusa kafin mu tafi makaranta. Muna ganin sun cika maƙoshi, sai mu ɗauka an gama. To, ƙoshi daban, samun abin da jiki ke bukata daban, kuma kaza mai ƙwai ba ta nuna bambancin nan da wuri. Sai bayan watanni abin yake fitowa fili.

Mu duba ɓawon ƙwai. Kowane ɓawo yana ɗauke da kimanin giram 2 na sinadarin kalsiyam, wanda shi ne ke ƙarfafa ƙashi. Domin ta samu wannan, kazar da ke ƙwai kusan kullum tana bukatar wajen giram 4 a abincinta na yini. Masara kuwa, ko kilo guda ta cinye, ba za ta samu ko rabin giram ba. Dawa da gero da dusa ma duk kanwar ja ce.

Daga ina take samo ragowar? Daga ƙashinta. Ƙwai yana ɗaukar kimanin awa 25 kafin ya kammala, kuma kusan awa 20 daga ciki wajen gina ɓawo suke tafiya, galibi cikin dare lokacin da ba ta cin komai. Jikinta yana da wani ƙashi na ajiya da take ɗiba da dare ta mayar da rana. Idan abincin rana bai mayar ba, sai ɗibar ta kai ga ƙashin da ke riƙe da ita kanta. Wannan ƙashin kuwa ba ya sake ginuwa muddin tana ci gaba da ƙwai.

Da farko ɓawo ne zai yi siriri, ya riƙa fashewa a hannu, wani lokaci ma ta saki ƙwai mai laushi kamar leda. Daga nan ƙashin ƙirjinta ya lanƙwashe, ta riƙa yawan kwanciya, fiffike ko ƙafa ya karye da ɗan ƙaramin tsalle. A nan ne ake cewa iska ta buge ta, alhali yunwa ce ta watanni.

Ƙarancin sinadarin gina jiki shi ma yana da nasa tabon. Kaza mai ƙwai na bukatar kashi 16 zuwa 18 cikin 100 na abincinta ya zama furotin, masara kuma ba ta wuce kashi 9. Ƙwai ya ƙanƙance, gashi ya zube, su fara tsattsage juna. 'Yar tsakuwar da ta taso a haka takan makara wajen fara ƙwai, kuma da wuya ta kamo 'yan uwanta.

Wani zai ce ai kajin kakanninmu tsaki kawai suka sani. Haka ne, amma suna yawo suna tonon gara da tsutsa da ganye, kuma ƙwansu a shekara bai cika wuce 60 ba. Kajin zamani irin su Shika Brown, wadda cibiyar NAPRI da ke Shika kusa da Zariya ta samar, suna ninka wannan sau huɗu ko fiye. Kulle irin wannan kaza a kan dusa zalla zalunci ne, ko da ba da gangan ba.

Abincin buhu na masu ƙwai shi ya fi, amma ko babu kuɗinsa akwai abin yi. Mu tara ɓawon ƙwai, mu gasa shi, mu daka har ya daina kama da ƙwai, kada su koyi fasa nasu. A zuba shi, ko garin ƙashi, a wani kwano daban. A haɗa musu da garin ƙuli-ƙuli marar gishiri da yaji, da gara, da ganyen zogale. Hatsin da ya yi funfuna a zubar, domin dafinsa yana lalata hanta. 'Yan tsaki kuma kada a ba su abincin masu ƙwai, yawan kalsiyam ɗin yana ɓata musu ƙoda.