«An halatta wiwi»: nazari a kan kalma ɗaya mai ɗauke da dokoki huɗu

1. Gabatarwa

Tun daga shekara ta 2012, labarin ƙasashen da suka sassauta dokar tabar wiwi yake yawan zuwa a kafofin watsa labarai masu aiki da hausa. Har ma wani irin yawon buɗe ido ya samu daga wannan sassauci, inda mutane ke ɗaukar mota su nufi jiha ko garin da ake sayar da ita a fili. Mai saurare a Maraɗi ko Tibiri ko Jiratawa yakan ji wannan labari duka cikin jimla ɗaya: «an halatta wiwi». A wannan maƙala muna son mu nuna cewa aikatau «halatta» yana rufe tsare-tsaren doka guda huɗu da suka sha bamban da juna, sannan mu ba da shawarar kalmomin da za su raba su.

2. Sunan abin da ake magana a kai

Kalmar «taba» tsohuwa ce a hausa, kuma manoman fadamar Gulbin Maraɗi sun daɗe suna noma ta. Da sabon ganye ya shigo, sai aka jingina shi ga abin da aka sani, aka ce «tabar wiwi». A ganinmu «wiwi» aro ce daga ingilishin bakin teku, don kuwa a Gana «wee» ake ce mata, a Najeriya kuma a kan ninka kalmar. Wannan ya dace da tarihi, tun da shanta bai yaɗu a Najeriya da Gana ba sai bayan yaƙin duniya na biyu. Masu sha sukan sakaya suna su ce «ganye».

Akwai tarko biyu ga mai fassara. Na farko, faransanci yana kiran wiwi «chanvre indien», yana kuma kiran rama «chanvre de Guinée». Rama, wadda ake kwaɗo da ganyenta a yi igiya da ɓawonta, ba ta da dangantaka da wiwi; ganyensu ne kawai ke kama. Na biyu, zaƙami ma yana gusar da hankali, amma tsiro ne dabam.

3. Tsari huɗu a ƙarƙashin kalma ɗaya

3.1. Kasuwa bisa doka (légalisation)

A nan hukuma ce ke ba da izinin noma da sayarwa, tana kuma sa ido. Jihohin Kolorado da Washinton a Amurka sun kaɗa ƙuri'ar amincewa a 2012, kuma shagunan Kolorado sun buɗe a watan Janairun 2014. Zuwa ƙarshen 2023 jihohi 24 ne suka yarda baligi ya sha. Kanada ta yi haka a ƙasa baki ɗaya ranar 17 ga Oktoba 2018, tare da ƙa'idar cewa kada mutum ya riƙe fiye da giram 30 a bainar jama'a. Yurugwai ta riga ta tun 2013, amma ƴan ƙasa da mazauna da suka yi rajista kaɗai ake sayar wa, giram 40 a wata. Baƙo ba ya da rabo.

3.2. Janye hukunci (dépénalisation)

A nan an daina hukunta mai sha, amma ba a buɗe kasuwa ba. Kotun tsarin mulki ta Afirka ta Kudu ta yanke a watan Satumban 2018 cewa baligi na iya nomawa ya sha a keɓe. Saye da sayarwa laifi ne har yanzu. Jamus ta fi wannan nisa kaɗan: tun 1 ga Afrilu 2024 baligi na iya riƙe giram 25 a waje, ya shuka tushe uku a gida, amma babu shago, kuma ƙungiyoyin noma na mazauna ƙasar ne.

3.3. Kau da kai (tolérance)

Holan ita ce misalin da kowa ya sani. Tun gyaran dokar 1976 aka raba wiwi da ƙwayoyi masu tsanani, kuma shagunan Amstadam na sayar da ita, giram 5 ga mutum ɗaya. Sai dai a rubuce sayarwar laifi ce. Hukuma ce ta zaɓi kada ta gurfanar da mai shagon da ya kiyaye sharuɗɗa. Garin Mastirik, da ke bakin iyakar Beljiyam, ya hana sayar wa wanda ba mazauni ba tun 2012, saboda cunkoson masu zuwa da motoci daga maƙwabta.

3.4. Izinin magani da masana'antu (usage médical et industriel)

Lesoto ta fara ba da lasisin noma domin magani a 2017, Maroko ta yi dokarta a 2021. A ƙasashen biyu sha domin maye haramun ne a doka. Tailan kuwa ta sassauta a 2022, ƴan yawon buɗe ido suka yi ta zuwa, sannan a 2025 ta mayar da sayarwa ga mai takardar likita. Haka nan, lokacin da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da miyagun ƙwayoyi ta cire wiwi daga jeri na huɗu na yarjejeniyar 1961 a watan Disamban 2020, ta bar ta a jeri na ɗaya, wato a ƙarƙashin tsaro.

4. Hanya da iyaka

Abin da matafiyi ya kamata ya fahimta shi ne izini na wuri ne, ba ya bin mutum. Wanda ya saya a Denba bisa doka, in ya nufi gabas ya shiga jihar Kansas, ya zama mai laifi, kuma dokar tarayya ba ta yarda a tsallaka iyakar jiha da ita ba. Jihohin Nebraska da Oklahoma ma sun kai Kolorado ƙara a 2014 bisa zargin kayan na kwarara zuwa wurinsu, kotun ƙoli ta ƙi sauraren ƙarar a 2016. Kanada ta hana fita da ita ko shiga da ita, ko da daga wurin da doka ta yarda.

Idan muka dawo gida, hanyar da ta taso daga Maraɗi ta bi kusa da Jiratawa, ta ratsa Ɗan Isa zuwa Jibiya da Katsina da Kano, ba ta taɓa ko ɗaya daga tsare-tsaren nan huɗu. Haka ita ma wadda ta bi ta Tibiri zuwa Yamai. A Nijar, dokar lamba 99-42 ta ranar 23 ga Satumba 1999 ta haramta noma da sayarwa da riƙewa da sha, kuma ofishin OCRTIS ne ke farautar masu fataucin. A watan Maris 2021 an kama tan 17 na ƙaron wiwi a Yamai. A Najeriya, dokar soja ta 1966 ta kai ga tanadin hukuncin kisa ga mai noma kafin a sassauta ta, kuma tun 1989 hukumar NDLEA ke wannan aiki. Direban kamiyo ko ɗalibin da ya ji «an halatta» ya zaci duniya ta canza, jandarma ko ɗan duwan ne zai gyara masa fassara, sau da yawa a hanyar kaso.

5. Nauyin kalmar «halatta»

«Halatta» da «haramta» daga larabci hausa ta samo su, kuma asalin mazauninsu addini ne. A kunnen Bamaraɗe ko Bagobiri, mai halatta abu malami ne bisa hujjar shari'a. Dubi waɗannan misalai:

(1) An halatta wiwi a Jamus.
(2) Dokar Jamus ta janye hukunci a kan ɗan abin da baligi ya riƙe.

Jimla ta (1) ba ta faɗi wanda ya yi aikin ba, saboda «an» na ɓoye mai aikatawa. Ba ta faɗi ga wa, ko nawa, ko a ina ba, kuma tana iya sa a ji kamar hukuncin addini ne ya sauya. Jimla ta (2) ta fi tsawo, amma ta ambaci doka, ta ambaci iyaka.

6. Kammalawa

Muna ba ƴan jarida da masu fassara a kotu da malaman yaƙi da jahilci shawarar su bar wa addini «halatta», su yi aiki da kalmomi huɗu: «kasuwa bisa doka», «janye hukunci», «kau da kai» da «izinin magani». Kowane lokaci kuma a ambaci ƙasa ko jiha, da shekara, da wanda izinin ya shafa. Aikin da ya rage shi ne a gwada waɗannan kalmomi ga masu saurare a Maraɗi da Tibiri da Jiratawa, a ga ko suna raba ma'anonin kamar yadda muke zato.