Wa Ya Ce Sauyin Yanayi Matsalar Manomi Ce Kaɗai?

Akwai wata magana da na gaji da ji a majalisu da bakin kasuwa: wai sauyin yanayi damuwar manoma da makiyaya ce, mai shago a birni ba ruwansa. Abin dai a taƙaice shi ne duniya na ɗumama saboda hayaƙin fetur da gas da kwal, kuma duk digiri ɗaya da iska ta ƙara na zafi, takan riƙe ƙarin danshi kusan kashi 7 cikin 100. Shi ya sa ruwa kan sauko da yawa a lokaci guda.

Mai ganin ba ruwansa ya je Maiduguri ya tambaya. A daren 9 ga Satumba 2024, wayewar garin 10, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle bayan mamakon damina, kogin Ngadda ya afka wa gari. Rabon mutanen Borno da irin wannan tun 1994. Ruwa ya shiga fadar Shehu da asibitin koyarwa na jami'a, ya mamaye Gwange, ya raba dubban ɗaruruwan mutane da gidajensu. Ya kuma cika kasuwar Monday, wadda ko gama farfaɗowa ba ta yi ba daga gobarar Fabrairun 2023.

To, ina manomi a nan? Buhun sukari ya narke, sai leda. Shinkafa ta kumbura ta yi tsami. Atamfar da laka ta kwana a kanta, ko an shanya, sunanta kwantai. Kuma sanin kowa ne yawancin kayan kasuwa bashi ne, sai an sayar a biya. In ɗan kasuwar Maiduguri ya karye, dilan da ya ba shi kaya a Kano ma ya ji a jikinsa. Ɗan dako ya rasa lodi, mai shayi ya rasa masu sha, baƙin da ke zuwa sari daga Chadi da Kamaru su nemi wata kasuwa. Ɗan abin da ya tsira kuwa ya yi tsada, har wanda ruwa bai taɓa ƙofarsa ba sai ya biya. Kuɗin da gwamnati za ta sa a makaranta ya tafi sansanin 'yan gudun hijira da gyaran gada. 'Yan kasuwar Kantin Kwari ta Kano ma sun ɗanɗana irin wannan ambaliya a daminar 2022.

Sakacin hukuma wajen kula da madatsar yana da nasa kason, wannan ba a musu.

Amma mu ma fa? Abin haushi, mutum ya tara shara, da ya ga hadari sai ya juye ta a kwata, gobe ya ce ƙaddara ce. Ƙaddara gaskiya ce, sai dai ba ta hana yashe magudana kafin watan Yuni. Shugabannin kasuwa su hana kafa rumfa a kan hanyar ruwa, ko ta wane ce. Mai shago ya ɗaga kayansa a kan katako ko kanta, ya daina jibge jarinsa duka a sito ɗaya lokacin damina. Littafin bashi a ɗauki hotonsa a waya. Masu hali su binciki inshorar takaful. Hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa farkon kowace shekara kuma, kyauta ne a rediyo, don Allah a riƙa saurare.