Rabon Lokaci a Koyon Baƙon Harshe: Misali daga Bahaushe Mai Koyon Faransanci

Kukan da aka fi ji daga ɗaliban Faransanci a jami'o'inmu shi ne na ƙarancin lokaci. Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa yadda ake rarraba sa'o'in karatu ya fi yawansu tasiri, kuma akasarin ɗalibai suna tara su ne a inda ba su da amfani, wato a makon jarrabawa.

Da farko, ya kamata a san nauyin aikin. Cibiyar horar da jami'an diflomasiyya ta Amurka ta ƙiyasta cewa mai jin Ingilishi yana buƙatar sa'a 600 zuwa 750 a cikin aji kafin ya iya aiki da Faransanci, Larabci kuwa kimanin sa'a 2,200. Ɗalibin da ke samun sa'a uku a mako, na tsawon mako 30 a shekara, sa'a 90 kacal ya tara. Wannan giɓi na daga cikin dalilan da ke sa a tura ɗaliban aji uku zuwa Ƙauyen Faransanci da ke Badagry, wanda aka kafa a 1991. Sai dai shekara ɗaya a can ba ta gyara ɓarnar shekara biyu da aka yi ana koyo ana mantawa.

Mantuwa tana da tsarinta. Masanin nan na Jamus, Hermann Ebbinghaus (1885), ya haddace gaɓoɓin da ba su da ma'ana, sannan ya auna lokacin da yake buƙata ya sake koyon su. Ya gano cewa bayan sa'a ɗaya fiye da rabin wahalarsa ta tafi a banza, bayan kwana ɗaya abin da ya rage bai wuce kashi ɗaya cikin uku ba, daga nan zubewar sai ta riƙa tafiya a hankali. Ke nan bitar farko tilas ta zo da wuri, waɗanda ke biye kuma a riƙa ƙara musu tazara. A kan wannan ne Sebastian Leitner ya gina dabararsa ta 1972: ana rubuta kowace kalma a ƙaramin kati, wadda aka tuna a matsar da ita zuwa akwatin da ba a yawan buɗewa, wadda aka manta kuma a komar da ita akwatin farko.

Binciken da ya fi dacewa da batunmu shi ne na Harry Bahrick da iyalinsa (1993). Su huɗu suka koyi kalmomi 300 kowannensu, na Faransanci ko na Jamusanci, suka yi ta bita da tazarar kwana 14 ko 28 ko 56, aka kuma ci gaba da gwada su har shekara biyar bayan sun daina. Bita 13 da aka yi da tazarar kwana 56 ta riƙe kalmomi daidai da bita 26 da aka yi da tazarar kwana 14. Rabin wahala, riba ɗaya. Amma a lura, tazara mai tsawo tana sa mutum ya ji kamar ba ya ci gaba, domin kullum sai ya yi ta laluben kalmar kafin ta zo. A ganina wannan ne ke mayar da ɗalibai ga karatun kwana: yana da daɗi a zuciya, yana ƙetarar da mutum jarrabawa, bayan hutu kuma allo ya koma fari.

Abin mamaki shi ne Bahaushe ba baƙo ba ne ga wannan hikima. Almajirin da ke neman hadda ba ya barin tilawar baya don an ƙara masa sabon karatu; da asuba yakan koma kan abin da ya riga ya wanke. Ɗalibin da ya taso a haka, da ya shigo jami'a sai ya ajiye al'adar a bakin ƙofa.

Saura tambayar abin da za a ba wa lokacin. Ba dukkan sassan harshe ne ke neman kulawa iri ɗaya ba. Jinsin suna, alal misali, ba sabon abu ba ne ga Bahaushe, ba kamar mai jin Yarbanci ko Ibo ba, don haka bayaninsa ba ya cin lokaci. Tarkon yana cikin rashin daidaito: rana mace ce a Hausa amma le soleil namiji ne, wata namiji ne amma la lune mace ce. Saboda haka kowane suna sai a haddace shi tare da le ko la tun ranar farko, a cikin katin nan. Furuci kuwa aikin tsokar baki ne da kunne. Hausa ba ta bambanta /p/ da /f/, ba ta da /v/, ba ta kuma da wasalin da ke raba rue, wato titi, da roue, wato ƙafar mota. Irin wannan minti goma ne kowace safiya, da babbar murya, domin baki yana gajiya da wuri, kuma sa'a uku a zama ɗaya kuskuren kawai take ƙara kafawa. Doguwar zama ta dace da karanta littafi da rubuta insha'i, inda ake buƙatar hankali ya nutse, kuma ita ce ya kamata a ware wa ranar Asabar.