Gyaran Madafa: A Auna Taku Kafin A Sayi Siminti

Yawancin ma'aikata idan Allah ya hore musu abin gyaran gida, falo suke fara dubawa, domin nan ne idon baƙo ke sauka. Madafa kuwa, watau kicin, sai a bar ta can ƙarshe, a miƙa wa magini ɗan abin da ya rage. Alhali kuwa babu ɗakin da ake shan wahala a cikinsa kamar wannan, kuma nan ne wuta da ruwa da ƙananan yara ke haɗuwa kowace rana.

Masana sun daɗe da gane cewa kyawun madafa yana ga tsarinta. A shekarar 1926 aka ɗora wa wata mai zanen gine-gine 'yar ƙasar Ostiriya, Margarete Schütte-Lihotzky, aikin tsara madafa don gidajen ma'aikata a birnin Frankfurt na ƙasar Jamus. Kafin ta ja layi ko ɗaya, sai da ta yi nazarin kai-da-kawowar mai girki da lokacin da kowane aiki ke ci. Madafar da ta fitar faɗinta mita 1.9 ne, tsawonta mita 3.4, amma kome yana kusa da hannu, har aka gina irinta kimanin 10,000.

Daga baya, cikin shekarun 1940, masana a Jami'ar Illinois ta Amurka suka ƙarfafa wata ƙa'ida mai kusurwa uku: murhu, da wurin wanke-wanke, da firji. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce, tsakanin kowane biyu kada ya gaza mita 1.2, kada kuma ya wuce mita 2.7, sa'an nan kada hanyar wucewar mutane ta ratsa tsakaninsu.

To, amma mai karatu ya lura, waɗannan ma'aunai an yi su ne don masu girki a tsaye. A nan gida kuwa akwai tuƙin tuwo, wanda ke bukatar murhu na ƙasa da tukunya mai zama daram. Akwai daka, akwai buhun hatsi, akwai kuma randa ko duro don ranar da famfo ya ɗauke. Saboda haka abin ɗauka shi ne hikimar rage taku. A ware wa turmi wuri mai daɓe kusa da ƙofar tsakar gida, a ɗora buhuna a kan katako don gudun damshi, ruwa kuma ya zauna kusa da inda ake wanke-wanke.

Babban abin kula shi ne hayaƙi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 gurɓatacciyar iskar cikin gida, wadda galibi daga itace da gawayi da kananzir take fitowa, ta yi sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 3.2. Don haka a buɗe tagogi biyu masu fuskantar juna. Mai amfani da gas kuma ya sani cewa gas ɗin girki ya fi iska nauyi, idan ya tsiyaye ƙasa yake kwanciya. Ya kamata a bar masa mafita ta ƙasan bango, tukunyarsa kuma ta zauna inda iska ke ratsawa, nesa da wuta.

Aikin kansa yana da jeri. Da farko a zana tsarin a takarda. Sai mai aikin famfo da mai lantarki su gama nasu, a nisanta soket da ruwa, kafin a zo ga yaɓe da tayil, kafinta kuma ya zo a ƙarshe. Wanda ya juya wannan jeri, shi ne zai fasa bangon da ya riga ya biya kuɗinsa. Sauya wa bututun ruwa wuri yana cin kuɗi ƙwarai, kada a taɓa shi sai dole. Wanda ke zaune a gidan gwamnati ko na haya kuwa, ya nemi izini tukuna.

Daga ƙarshe, Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kafin maigida ya kira magini, ya fara jin ta bakin uwargida: ina take yawan sunkuyo, ina hayaƙi ke taruwa, sau nawa take fita ɗebo ruwa? Daga amsoshinta za a fitar da zanen.